Dogon gilashin Baba ya dawo aiki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan Kaduna hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, da sassafe in ka hau gadar Kawo da ƙyar kake hango abin da ke gabanka. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, tana nan lafiya, ta ce in gaishe ka da kyau.

Maganar akwatin marigayi Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, wanda ka bar mini amana ranar tafiyarka. Sai watan jiya na iya buɗe shi. Kyamararsa Pentax Spotmatic ta cije, maɓallin ba ya motsi. Amma dogon gilashin nan na bakin kyamara da yake ratayawa in za shi kallon hawa, Super-Takumar mai milimita 200, ƙirar kamfanin Asahi na Japan tun shekarun 1960, lafiyarsa ƙalau. Na murza zoben saitinsa ya juya sumul, ba sassarfa ba cijewa. Na daɗe riƙe da shi a hannu ina yi wa Baba addu'a.

Wallahi yanzu haka yana jikin kyamarata Sony a6000, kuma yana ɗaukar hoto. Abin da ya haɗa su ɗan bututun ƙarfe ne da ake kira adafta, babu gilashi a cikinsa, babu waya. Tsohuwar Pentax tana da madubi a ciki, don haka aka ƙera gilasanta su zauna nesa da fim da kimanin milimita 45 da rabi. Tawa marar madubi ce, tazararta milimita 18 kacal. Bututun yana cike giɓin da ya rage ne, wajen milimita 27, shi ke nan. Gindin gilashin irin na murɗawa ne kamar murfin kwalba, wanda ake kira M42. Da farko kyamarar ta ƙi ɗauka, don a ganinta babu komai a bakinta, sai da na shiga saituna na ba ta izinin ɗauka ko ba ta ji gilashi ba. Akwai kuma ɗan makunni a jikin gilashin da dole a tura shi ɓangaren aikin hannu, in ba haka ba ƙofar haske ba za ta tsuke ba ko ka murza.

Da yake sensar kyamarata, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, ba ta kai faɗin fim ba, milimita 200 ɗin tana ba ni kallon 300. Yana jawo nesa kusa sosai, amma yana jawo rawar hannu ma, ga shi a6000 ba ta da abin rage girgiza. Ba na barin saurin ƙiftawarta ya yi ƙasa da 1/500 na daƙiƙa, ko kuma in jingina da itace.

Gamji na fara kai shi, bakin kogi, kusa da tsohuwar gadar Lugard. Ruwa ya janye, duwatsu sun fito, balbelu sun baje a kansu, ga wani zalɓe can tsakiya, ga masunci a kwalekwale. Na ɗauka na ɗauka, da na dawo gida na duba a kwamfuta, yawancinsu dishi-dishi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gilashin ba ya saita kansa, da hannu ake murzawa. Kyamarar tana taimakawa, tana shafa jan layi a gefen duk abin da ya fito ras, tana kuma ƙara girman wurin da kake so ka duba. To amma tsuntsu ba ya jiran ka gama murzawa.

A daren ne na tuna hoton nan na falon Hajiya, na mahayan da suka sako dawakai a Hawan Sallah na Zariya, ƙura ta tashi a bayansu, amma fuskar na gaba tar, har zaren rawaninsa ana gani. Da wannan gilashin Baba ya ɗauke shi. Ba jan layi, ba allon dubawa, fim ɗinsa hoto 36 ne ya ƙare, kuma sai an wanke zai san abin da ya samu. Na yi ta tunanin yadda ya yi, har na gane ba bin dawakin ya yi ba. Wuri ya zaɓa a ƙasa inda ya san dole su biyo, ya saita a kai, ya tsaya yana jira. Ka tuna yadda yake riga kowa zuwa fili, mu muna ta mitar rana? Ashe aikin yake yi tun kafin a fara.

Na koma kogi da wannan dabarar. Na lura da dutsen da zalɓen ke yawan sauka, na saita a kansa, na tsuke ƙofar haske zuwa f/8, na zauna. Ya fi rabin awa kafin ya dawo. Hoto uku na ɗauka, na biyun ya fito yana naɗe fiffike, ƙafa ɗaya ta taɓa dutse. Tun da na fara riƙe kyamara ban yi hoton da nake ƙauna kamarsa ba, kuma hawaye sun zo mini, don ji na yi kamar Baba ne ya kama hannuna.

Yana da nasa rauni, ba zan ɓoye maka ba. In na buɗe shi gaba ɗaya a f/4, gefen farin gashin balbela yana yin wani launi ruwan shunayya, sai an tsuke zuwa 5.6 yake raguwa. In ya fuskanci rana hoton ya kan koɗe, hazon nan kuma yana cinye duk abin da ya yi nisa. Kyamarar ba ta adana lambar ƙofar haske da na yi amfani da ita, don haka na sayi ɗan littafi ina rubutawa.

Na haska cikinsa da tocila, na ga ɗan zaren funfuna a can gefe, bai taɓa tsakiya ba. Ban yarda kowa ya kwance shi ba sai da izininka. Na saka shi a roba mai murfi tare da ƙullin nan masu tsotse danshi, saboda damina. Niyyata in shamuwa ta iso da ruwan farko, in ɗauko maka ita a kan sheƙarta.

Na wanke hoton zalɓen guda biyu, ɗaya na kai wa Hajiya, ta sa an rataye shi kusa da na dawakin. Ɗayan na ajiye maka. Ka faɗa mini in aiko maka da gilashin ne ko in riƙe shi har ka dawo. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum.