Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa 'yan kasuwa, assalamu alaikum.

An yi tarukan wata-wata kamar kullum, ban da na watan azumi.

Ginin sitonmu na Farin Gada har yanzu yana tsaye a linta, kuma tun da ana ta ƙananan maganganu, gara mu bayyana dalili. An yi ƙiyasin aikin ne kafin ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kafin kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yuni kasuwa ta yanka mata farashi. Daga nan siminti da rodi da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban bana. Ko kwabo bai ɓata a asusu ba, darajar kuɗin ce ta zube. Rancen banki kuwa kwamiti ya ƙi shi, domin ban da batun riba, Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024.

Abin alfaharinmu bana shi ne taron bita kan gyaran tattalin arziki. Zaure ya cika maƙil, mata 'yan kasuwa suka fi kowa yawan tambaya, aka kai har Magariba ba wanda ya tashi. Baƙonmu, tsohon ma'aikacin banki, ya tuna mana yadda a watan Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420, sannan aka kafa AMCON a 2010 don ta sayi basussukan da suka maƙale. Ya kuma fayyace umarnin Babban Banki na Maris ɗin bana da ya wajabta wa manyan bankuna su tara jarin naira biliyan 500. Abin da ya durƙusar da waɗancan bankuna biyar, in ji shi, bashi ne da aka ci aka ƙi biya, kuma mun lura wasu a zauren sun sunkuyar da kai.

Asusunmu na rance ba shi da AMCON. Akwai mambobin da ba mu gani sai ranar rabo, kuma ma'aji ya gaji da bin su shago-shago da kuɗin man aljihunsa. Za a karanta sunayen masu bashi a taron Janairu.

Sakatare