Ga amsarki kan madarar almon, 'yar'uwa

Assalamu alaikum.

Kin bugo waya a shirinmu na girke-girke a rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ki amsa ba. Kin tambayi yadda ake haɗa madarar almon a gida, da kuma ko za ta maye wa ɗanki mai shekara 2 madarar shanu, tunda cikinsa na kumbura in ya sha.

Haɗin dai ba wuya. Ki samu ɗanyen almon, ƙwayar 'ya'yan itace ce da ake ci kamar gyaɗa, wanda ba a soya ba, ba a sa masa gishiri ba. Ki jiƙa kofi 1 da daddare ya kwana, awa 8 zuwa 12. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗauraye. Masu son ta fito fara ƙal suna sale jan ɓawon, ni kam bana wahalar da kaina, abin tata zai riƙe shi. Ki zuba a bilenda da tsabtataccen ruwa kofi 3 ko 4, dabino 2 da aka cire wa ƙwallo, da ɗan gishiri kaɗan. In ya yi laushi ki tace da ƙyallen tatar koko, ki matse sosai. Don Allah kar ki aika injin markaɗe na unguwa, sai dai in kina son madara mai ƙamshin attaruhu. Dusar kuma ba ta zubarwa ba ce, ki shanya ta ki riƙa sawa a kek.

A firji tana kwana 3 zuwa 4, in ta rabu biyu girgizawa kawai take so. In wuta ba ta zama a wajenku, ki haɗa iya wadda za a shanye a rana ɗaya. In kuma kin tauna ƙwaya kika ji ɗaci mai tsanani, ki tofar. Akwai nau'in almon mai ɗaci da ke ɗauke da guba.

Batun yaro shi ne ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Farin launin nan yana ruɗin iyaye. Kofin madarar shanu yana da furotin wajen giram 8, na almon na kwali kuwa wajen giram 1. Ta gida ta fi kauri, amma da yawan amfanin ƙwayar yana tafiya da dusar da kika matse. Kamfanoni suna ƙara wa tasu sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, taki ba ta da wannan ƙarin. Abin sha ce mai daɗi ga babba, ba abincin da za a ɗora girman yaro a kai ba, jaririn da bai kai shekara ba kuwa ko kusa ba za ta tsaya masa a madadin nonon uwa ba.

Ga tsada. Kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya a jihar Kalifoniya ta Amurka ake nomansa, don haka farashinsa dala yake bi. In daɗi kike nema, kunun aya bai gaza ba, mutanen Balensiya a Sifaniya ma da shi suke taƙama. In ƙarfin jiki ne, madarar waken suya da aka dafa sosai tana da furotin wajen giram 7 a kofi, ga shi a kowace kasuwa.

Kafin duk wannan, ki kai yaron a duba shi. Wani yaron, sukarin cikin madara ne ba ya narke masa, irinsa sau da yawa yana shan kindirmo lafiya. Wani kuma jikinsa ne ba ya karɓar furotin ɗin madarar, shi ko kindirmon ma zai tayar masa. Likita ne zai bambance miki, ki kuma faɗa masa in yaron ya taɓa yin ƙuraje ko kumburin baki bayan cin gyaɗa, kafin ki ɗanɗana masa almon.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya ba yaron lafiya.