Ɗana, ka ji labarin Sarajevo

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, mamanka na gaishe ka. Ka samu wuri ka zauna ka karanta wannan a natse, ba irin karatun nan naku da ake jan waya da yatsa a wuce ba.

A watan Fabrairun 1984 aka yi gasar Olamfik ta hunturu, wato ta wasannin kan ƙanƙara, a garin Sarajevo na Bosniya, lokacin yana cikin ƙasar Yugoslabiya. Tun 1978 suka samu baƙuncin bayan sun kayar da Sapporo ta Japan da Gothenburg ta Suwidin. Ƙasashe 49 suka je, har da wani ɗan Senegal, Lamine Guèye, baƙar fatan Afirka na farko da ya shiga irin gasar, ka ji ƙarfin hali, mutumin da ƙasarsu rana ke dafa mutum kamar tamu. A zauren Zetra wasu 'yan Ingila biyu, Torvill da Dean, suka yi rawa a kan ƙanƙara alƙalai tara duk suka ba su cikakken maki.

Amma wanda nake so ka riƙe shi ne Jure Franko. Ya ciyo azurfa a zamiyar gangaren dutse, lambar farko da Yugoslabiya ta taɓa samu a gasar hunturu, kuma shi ɗan Sulobeniya ne, wani yankin na Yugoslabiya a lokacin, ba ma ɗan Bosniya ba, amma garin nan kaf ya fito, Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa, manyan ƙabilun garin, suna ihu wai sun fi son shi a kan burek, abincinsu na fulawa da nama. Ba wanda ya tsaya tambayar addininsa. Gari ne fa da masallaci da coci suke maƙwabtaka, ana auratayya, ana shan gahawa tare.

Shekara takwas kacal, a Afrilun 1992, sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi wa garin ƙawanya har zuwa Fabrairun 1996. Duwatsun da aka yi wasa a kansu daga nan ake ruwan wuta, hanyar tseren keken ƙanƙara ta dutsen Trebević ta zama wajen girke igwa, Zetra ya sha bama-bamai ya koma ɗakin ajiye gawa, kujerun katakonsa aka farfasa ana yin akwatin gawa, filin ƙwallon gefensa ya zama maƙabarta. Sama da mutum 10,000 suka mutu, yara da yawa a ciki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kuma wallahi ba da bindiga aka fara ba, 'yan siyasa ne da gidajen talabijin suka shafe shekaru suna tono tsofaffin gaba, kullum ana gaya wa kowa maƙwabcinsa na shirin yanka shi, har mutane suka yarda.

To yayarka ta nuna min abin da ka rubuta a Facebook kan rikicin nan namu na gida, inda ka yi wa ƙabila guda kuɗin goro ka zage su tas, kuma wai har da hoton da kai kanka ba ka san daga ina ya fito ba. Raina ya ɓaci sosai. A cikin mutanen da ka zaga akwai wanda ya koya maka lissafi a firamare, akwai matar da ta karɓi haihuwarka. Ba na hana ka faɗin gaskiya idan an yi zalunci ba ne, ka kira sunan wanda ya yi laifin shi kaɗai in kana da hujja. Wancan rubutun kuwa ka goge shi yau ɗin nan, ka fita daga guruf ɗin da ke turo muku hotunan, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka