Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shagon maganin dabbobi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da maiɗakinka da amaryata.

Kawunka ya biyo ta nan da ya taso daga kara, kuma abin da ya faɗa mini ne ya sa na ɗauki biro na bar waya. A waya sai dai ka yi ta "to Baba, to Baba" har mu yi sallama. Ya ce ya leƙa shagonka ba ka nan, ya tarar da yaron shagonka yana zuƙo allurar antibayotik ɗin nan da kuke ce wa LA a sirinji, yana auna wa makiyaya daidai kuɗin da ke hannun mutum. Ba a tambayi girman saniyar ba, balle abin da ke damunta. Yana nan tsaye wata mai kiwon kaji ta shigo, aka haɗa mata garin magani aka ce ta riƙa zuba musu a ruwa tun ranar da ta ɗauko 'yan tsakin, wai don kada su mutu, kuma su yi saurin cika ido. Kajin da lafiyarsu ƙalau. Ina so in ji daga bakinka. In ƙage aka yi maka, ni da ƙafata zan taka wurin kawun naka.

Sai dai zuciyata ta ba ni gaskiya ne, don na san yadda kasuwa take lanƙwasa mutum.

Ba don wannan muka sayar da fadama ka tafi Vom karatun lafiyar dabbobi ba. Ka fi ni sanin cewa ɓoru, ciwon baki da kofato na shanu, bairos ne ke kawo shi, haka Newcastle da Gumboro a kaji, kuma ko buhun antibayotik ka juye musu ba zai taɓa bairos ba. Rigakafi ne maganinsu, a can Vom ɗin ma ake yin sa. To me ya sa kake barin bawan Allah ya biya kuɗin abin da ba zai yi masa aiki ba? Shi kuwa wanda saniyarsa take buƙatar allurar da gaske, ka ba shi rabi don kuɗinsa bai kai ba, raunanan ƙwayoyin cuta kawai ka kashe masa. Masu taurin kai sun tsira, su za su hayayyafa, gobe ko cikakkiyar kwalba ba za su ji ba. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗin a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel: ƙarancin magani shi ke koya wa ƙwayar cuta bijirewa.

Za ka ce dabba daban, mutum daban. A nan ne nake so ka saurare ni, don ni a ɗakin yara na asibiti na ƙare aikina. Da na fara aiki, yaro ya zo da gudawa da zazzaɓi, a ba shi maganin farko, kafin mako ya zagayo yana wasa a bakin gado. Kafin in yi ritaya sai a canza magani sau biyu, sau uku, uwa tana kallonka kana kallonta. Ka tuna gwaggonka da ciwon ƙafar nan, ka tuna abin da sakamakon gwaji ya nuna da abin da muka kashe. Ba sai na maimaita ba.

Enrofloxacin ɗin da kuke zuba wa kaji ɗan gida ɗaya ne da sifro, antibayotik ɗin da ake ba mutane, har jikin dabba yakan juya wani sashensa ya koma sifro ɗin. Ƙwayar da ta saba da wannan ta saba da wancan. Shi ya sa Amurka ta hana ba kaji shi a 2005, bayan an ga ƙwayar da ke sa gudawa tana ƙin jin magani a jikin mutane. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙiba tun 2006. Akwai kuma kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai komai ya gagara. A 2015 aka gano a Sin cewa ƙwayoyin cikin hanjin aladu sun samu hanyar kauce masa, har suna miƙa wa junansu dabarar. Juya ledojin maganin kajin da ke kan kantarka ka karanta bayansu, za ka ga sunansa a wasu.

Kuma ba sai mutum ya ci kazar ba. Kashin kajin nan buhu-buhu masu lambu suke saye su zuba wa latas da kabeji da tumatir, a yanka ɗanye a kawo mana a faranti. Ruwan wankin akurki ya bi kwata ya gangara kusa da rijiya. Saniyar da aka yi wa allura shekaranjiya, mai ita ya ga ba za ta tashi ba, ya kai ta mahauta yau. Matan Fulani ma suna lura, madarar saniyar da ke kan allura takan ƙi yin barci, don maganin da ke ciki ya kashe abin da ke mayar da ita nono. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina shan wahala. Mu ke nan.

Ba alƙaluman ne ke hana ni barci ba, ɗana. Amaryata ce. Tana rarrafe a tsakar gidan da kake shigowa da takalmin akurki, komai ta samu baki take kai shi. Nakan ga ranar da za ka ɗauko ta cikin dare jikinta zafi rau, a sa mata ruwa, a yi allura ta farko shiru, ta biyu shiru, likita ya fito ya ce sai an nemo wani maganin daga wani gari. Na tsaya a bakin irin wannan gadon da 'ya'yan mutane. Ban shirya tsayawa da tawa ba.

Kada ka ce mini in ba ka sayar ba na kusa da kai zai sayar. Shi na kusa da kai bai zauna a aji an koya masa ba, kai an koya maka, kuma ilimin da ka ɓoye wa makiyayi don kada ciniki ya wuce ka hakki ne a wuyanka. Ba cuta ba cutarwa, haka addini ya ce. Kun sha cewa na cika tsanani tun kuna yara, na ji, amma da albashin nan nawa na rene ku ban taɓa sayar wa mara lafiya abin da na san ba zai amfane shi ba.

Na san kuɗin haya na bin ka, na san maiɗakinka ta yi nauyi. Ban ce ka rufe shago ba. Ka zauna a cikinsa da kanka, ka daina bar wa yaro sirinji. Wanda ya zo ka tambaye shi, in da hali ka bi shi ka ga dabbar. In allurar ta kama, a yi ta cikakkiya gwargwadon nauyi, ka kuma gaya masa kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka ko a sha nonon, ko da ransa zai ɓaci. Mai kajin nan ka neme ta, ka nuna mata jadawalin rigakafi da yadda za ta riƙa canza garin katakon da ake shimfiɗa wa kaji ta bar iska tana shiga. Idan ciniki ya ja baya a watannin farko ka faɗa mini, fanshona zai ɗauki wani abu.

Innarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yarinyar. Ba ta san na rubuta wannan ba, kuma ba sai ta sani ba. Ka zo Juma'a mai zuwa mu yi magana. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.