Manyan kasuwannin intanet na danne ƙananan masu sana'ar abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kuka a madadin ƙananan masu sarrafa abinci da ke kai hajarsu manyan kasuwannin intanet.

Daga nesa abin gwanin sha'awa ne, amma kafin kuɗi su shiga aljihun mai kaya an yanke su kashi-kashi. A Amazon ta Amurka, alal misali, ladan kasuwa kan kayan abinci kashi 8 ne cikin 100 idan kayan bai wuce dala 15 ba, kashi 15 idan ya wuce. Ban da kuɗin ajiya, da na aikawa, da na talla. Kuma tallar ta zama dole, domin wanda bai biya ba yana can ƙasan shafi inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci ba takalmi ba ne. Yana da wa'adi. Idan ya daɗe a ɗakin ajiya, ko zafi ya taɓa shi a hanya, mai saye zai rubuta ƙorafi, asara kuma ta hau kan wanda ya sarrafa. Babban kamfani zai shanye wannan ko a jikinsa. Mai ƙaramin jari kuwa, ƙorafi uku ko huɗu sun isa su durƙusar da shi, ga kuɗinsa a riƙe na makonni.

Ina roƙon hukumomin kula da gasar kasuwanci su tilasta wa waɗannan kasuwanni bayyana duk abin da suke cira tun farko, su kuma saurari mai kaya kafin su rufe masa shafi.

Naka,
Mai karatun jaridarku a kullum