Masu rigakafi, a daina shiga gidajen mutane da barazana

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana da ƙannena masu aikin rigakafi gida-gida, musamman shugabannin tawaga da nake jin suna cewa duk magidancin da ya ƙi, a kira masa hukuma.

Na daɗe ina wannan aiki a lungunan birnin Kano, akwatin ƙanƙara a kafaɗa, alli a hannu. Da idona na ga yadda aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Masu ƙin nan ba jahilai ba ne, ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Kuma ba tsawa ce ta sauko da su ba. An samo magani daga Indonesiya, aka ci gaba a 2004, gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Daga baya Sarkin Musulmi da sarakuna suka sa baki, maganar ta gangaro har kan dagatai da masu unguwanni.

Amma ainihin aikin a zaure ake yinsa. Ki yi sallama, ki jira a amsa. Idan matar gida ta ce, "Maigida bai ba da izini ba," kada ki ce mata, "Ai ɗanki ne." Kin tafi, ita za ta kwana da rigimar. Ki tambayi lokacin da yake dawowa, ki komo da ungozomar unguwa ko limamin da yake bi salla. Idan shi kuma ya ce, "Kullum foliyo, zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara ba ku kawo komai ba," to gaskiya ya faɗa. Ki ce masa, "Haka ne, Baba." Sau da yawa daga nan murya take sauka, sai ki ji ya ce a fito da yaran. Shi ya sa da aka fara kafa rumfar duba marasa lafiya a ranakun rigakafi, ana ba da maganin zazzaɓi da sabulu, iyaye da kansu suke kawo 'ya'yansu.

Wanda aka kai ƙara kuwa zai buɗe ƙofa yau, zagaye na gaba ya tura yaran gidan kakarsu. Wani ma ya roƙi a shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da ɗigo ba, a cika takarda, yaro na nan ba kariya.

A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, amma ga mashaƙo ya addabi Kano a 2023, kuma gidajen nan dai za mu koma. Ina roƙon masu horar da ma'aikata su ware wa gaisuwa da sauraro lokaci, kamar yadda suke ware wa cika fom.

Wassalam.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar rigakafi,
Kano