Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Tabaron Da Ya Sayo Wa Yara

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya kuma zafin garin nan?

Ƙanwarka ta gaya min ka sayo wa yara tabaron nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum yana tsakar ɗakinsa ya ga kansa a wata duniya. Ba faɗa zan yi ba. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai mai hannu da shuni ke riƙe layi, yau leƙa Farm Centre ka ga yara ƙanana suna cinikin waya. Shi ma wannan haka zai zama. Facebook ya sayi kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan tabarau, a 2014 kan kusan dala biliyan 2, a 2021 ma ya koma Meta saboda wannan harka. Apple ya fito da nasa a 2024 kan dala 3,499. Masu zuba irin wannan dukiya ba su da niyyar barin kayansu a hannun attajirai kaɗai. 'Ya'yan maigidana, in Allah Ya raya mu, a ciki za su yi karatu da ciniki, ko a jikinsu.

Amfaninsa ba a musu. Ɗalibin likita ya yi ta gwada tiyata kafin ya sa wa ɗan mutum wuƙa, wa zai ƙi? Ɗan Kantin Kwari zai zaga shagunan Guangzhou babu biza, sai dai ban ga yadda zai murza shadda tsakanin yatsu ya san ta ƙwarai ba.

A ƙarshen 2021 hukumar Masallatan Harami ta fito da tsarin ganin Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau. Nan da nan aka fara tambaya ko hakan zai iya zama Hajji, har hukumar addini ta Turkiyya ta fito a 2022 ta ce wannan ziyarar ido ce, ba Hajji ba, sai mutum ya taka ƙasar da ƙafarsa. To nan damuwata take. Zumunci ma a ƙafa yake. Tun yanzu a yi rasuwa a Yakasai, ɗan uwa yana Hotoro, ya turo "Allah Ya jiƙan rai" ta WhatsApp ya ga ya fita haƙƙi. Ran da aka ce zai iya "zama" a wurin makoki daga kan gadonsa, wa zai ɗauki makara? Yaro abin da ya ga ubansa na yi shi ne daidai a wurinsa, don haka da kai nake.

Su Meta da kansu ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 10 ya sa ba, saboda haka kishiyata ta haƙura tukuna. A falo za a riƙa sawa, gaban uwarsu, don akwai baƙin mutane a ciki masu yi wa yara magana. A kau da kurfoti da tebur, mai tabarau makaho ne a ɗakinsa. Wanda ya ce yana jin jiri ko tashin zuciya ba ƙarya yake ba: ido na ganin tafiya, jiki kuwa yana tsaye. A cire masa. In an kira salla, a cire wa kowa.

Ran Juma'a ka kawo min su bayan masallaci, za mu je duba gwaggonka a Ƙofar Mata. Ka taho da tabaron, ni ma in ga Ka'abar.

Ka gai da uwar gida.

Mahaifiyarka,
Gwale, Kano